Wasiyyar Barcin Rana

Ga ta nan, ga ta nanku, ta taso da ɗuminta.

Ta zo mu ji ta, tun wuta ba ta mutu ba.

To, ku matso. A bakin wani tafki da ba ya motsi sai in kifi ya yi juyi, akwai wata kanya ta Iya Bushiya. In 'ya'yanta suka nuna, ƙamshinsu kaɗai kan sa tsuntsu ya manta inda za shi. A gefen inuwar nan ramin Kurege yake. Kullum yana rigingine, yana kallon rassa, yana haɗiyar yawu.

Rannan Iya Bushiya ta riga mu gidan gaskiya. Ta bar ɗanta Barmo, shi kaɗai ya rayu mata, wani salihi da in ka yi masa tsawa sai ya dunƙule.

Ranar sadakar uku Kurege ya ci ƙosai har ya kasa sunkuyawa. Ya ja ciki zuwa gindin kanya, iska tana kaɗawa a hankali, barci ya ɗauke shi da rana tsaka. Sai ga Iya tana saukowa a kan ganye ɗaya, ƙayoyinta na walƙiya kamar raɓa. Ta ce, "Kurege, kanyar nan taka ce." Ya farka yawu ya jiƙa masa gemu, bai ko goge ba ya nufi kotu.

Kotun garin kuwa wata tsohuwar kuka ce. A gindinta Alƙali Kwaɗo yake zama. A reshen tsakiya Hawainiya ke sauraron wanda bai gamsu ba. Can ƙoli kuma sheƙar Shamuwa ce, daga ita ba sauran magana.

Kwaɗo ya ce, "Ina shaidarka?"

Kurege ya ce, "Allah gafarta malam, ai barci nake yi."

Kwaɗo ya kumbura maƙogwaro ya ce, "Kanya ta magaji ce. Amma saboda maƙwabtaka, duk wadda ta faɗo ƙofar raminka, taka ce."

Ku ji fa, reshen da ya fi kowanne 'ya'ya a kan ramin Kurege ya sunkuya. Da ni ce, wallahi da na yi godiya na koma gida. Amma Kurege ya kaɗa wutsiya ya ce, "Ban yarda ba, sama zan tafi!"

Ya je ya sami Burgu, ya yi masa alkawarin reshe guda na kanya in ya tsaya masa shaida. Ranar zama suka haye kuka a guje. Barmo ba ya iya hawa, sai aka sa shi a guga aka ja, yana dunƙule, yana lilo a tsakanin ganye.

Hawainiya ta juya ido ɗaya wajen Burgu ta ce, "Kai ne shaida? Ina ka tsaya a cikin mafarkin?"

Burgu ya ce, "Can baya-baya, ranki ya daɗe, wajen da minshari ke fita."

Hawainiya ta zama kore, ta zama toka-toka, ta koma kore, har inuwa ta juya. Sannan ta ce, "Shaida ɗaya da rantsuwa, na karɓa. Amma wasiyya ba ta wuce kashi ɗaya cikin uku. Shi na ba ka."

Barmo ya leƙo daga guga ya ce, "In dai Iya ce ta faɗa, na amince." Ni abin har tausayi ya ba ni.

Kurege kuwa kashi biyun da suka rage ya hango. Ya kaɗa wutsiya ya ce, "Ban yarda ba, sama zan tafi!"

To, Shamuwa ba ta zuwa sai da ruwan farko, kuma muddin magana na gaban kotu, ba mai taɓa kayan gado. Kanya ta nuna, ta yi ta zuba tif, tif, a ƙofar ramin Kurege, shi kuwa sai kallo. Tururuwa, masinjojin kotu, suka yi layi suna kwashewa, wai ajiya za su kai. Har yau ba wanda ya san inda ajiyar take. Kurege ya rame, wutsiyarsa ta fi shi nauyi.

Ana nan, ana nan, gabas ta yi duhu, ƙasa ta yi ƙamshi, Shamuwa ta sauka. Aka hau. Can sama gajimare na ratsa rassa kamar hayaƙin turare, tafkin nan ya koma ɗan madubi. Aka rataye gugan Barmo a gefe. Shaho, dogarin kotu, ya tsaya da bulala.

Shamuwa ta tsaya da ƙafa ɗaya ta ce, "Yaushe marigayiya ta yi maka wasiyyar?"

Kurege ya ce, "Ranar sadakar ukunta, ranki ya daɗe. Ba zan manta ba, ƙosan ya yi daɗi."

"Wato ta riga ta rasu."

"Ai shi ya sa ta sami sukunin zuwa."

Shamuwa ta ce, "Tun da ta cika, kanya ta zama ta ɗanta. Me ya rage mata da za ta bayar? Na soke hukuncin ƙasa, na soke na tsakiya. Kai kuma shaida..."

Burgu ya fashe da kuka. "Reshe ya yi mini alkawari! Ni ko gyangyaɗi ban yi ba rannan!"

Shamuwa ta ce, "Sayen shaida. Shaho, matso da bulala."

Kurege ya dubi bulala, ya dubi ƙasa, ƙasa ta yi nisa. Sai ya yi wata doguwar hamma, ya yi miƙa, ya murje ido ya ce, "Salamu alaikum. Ina ne nan? Wa ya hau da ni? Ni fa tun ranar ƙosai na kwanta, sai yanzu na farka. In na yi wata magana, magagi ne."

Shamuwa ta daɗe tana kallonsa ta saman baki. Ta ce, "Gaskiya ne, ba a yi wa mai barci bulala. Shaho, koma. Kuma kyautar da aka yi maka a mafarki, kotu ta tabbatar maka da ita. Duk lokacin da kake barci, kanya taka ce daga saiwa har ƙoli. Da ka buɗe ido, ta Barmo ce, har da wadda ta faɗo ƙofar raminka."

Kurege ya sauko bayansa lafiya lau, cikinsa wayam. Tun daga nan kullum yana gindin kanya yana barci. A mafarki ya sha, ya sha, har ya yi kyauta. Ya farka hanjinsa na kuka.

Wata rana a cikin mafarkin nasa, sai ya hango Barmo ya tsinci ƙwaya ɗaya ya jefa a baki. Kurege ya zabura ya farka. "Sata! A gonata, a barcina! Ban yarda ba, sama zan tafi!"

Ya haye kuka, ya wuce Kwaɗo, ya wuce Hawainiya, ya wuce sheƙar Shamuwa. Reshe ya ƙare. Ba kowa sai sarari.

Shi ya sa har gobe, in kun ga kurege a bakin hanya ya miƙe a kan ƙafa biyu yana leƙen sama, ba ku yake kallo ba. Kotu ta gaba yake nema.

Ƙurunƙus kan burgu mai shaidar zur. Wanda duk ke jiran gado a mafarki, ya daure ya kwanta tun mai kaya na da rai.