Wuƙar Baduku a Wutsiyar Koriyar Fara

Dalilin da ya sa koriyar fara take yawo da lanƙwasasshiyar wuƙa a wutsiyarta, shi zan gaya muku yau, jikokina. Ba babe nake nufi ba, ba kuma wadda ake soyawa ba. Waccan dai mai fiffike kamar ganye, mai gashin goshi biyu sirara da suka fi jikinta tsawo.

A da, cikin ƙasa take binne ƙwanta kamar sauran fara. Shekara uku a jere garma tana tone su, zabi na biye suna tsincewa. Ko ɗa ɗaya bai tashi ba.

A wani gari akwai wani baduku, Jatau. Sunan garin ya kwanta mini, amma akwai durumi a bakin rumfarsa, wannan ban manta ba. Wata rana da hantsi farar ta sauka a gwiwarsa yana ɗinkin laya. Ta ga ya sa takarda tsakanin fata biyu, ya rufe.

Ta ce, "Sannu da aiki, Baba. Abin da ka sa ciki, zabo zai iya ganinsa?"

Jatau ya yi dariya. "Ke 'yar nan, ni da na sa ma ba na ganinsa."

Ta ba shi labarin ƙwanta. Ya tsinko ganyen durumi, ya tsaga gefensa da 'yar wuƙarsa, ganyen ya rabu sama da ƙasa.

"Ga fatarki. Wuƙar ma na ba ki. Amma sana'armu da ƙa'ida: wanda ya rufe laya ba ya komawa ya buɗe. Kika dawo leƙe, tsuntsu zai biyo ki ya gane wurin."

"To yaya zan san sun rayu?"

Ya ce, "Shekara arba'in ina ɗinki. Yaran da aka rataya wa, yawancinsu ban san inda suke ba."

Sai ta juya masa baya, ta ce, "Ɗaura mini wuƙar, Baba."

Shi ya sa har yau macen ce kaɗai mai wuƙa. Takan tsaga gefen ganye, ta zura ƙwai, ta tashi ba waiwaye. 'Ya'yan su fito lafiya, ba su san ta ba. In kun ga ganye da ɗan kumburi a gefensa, ku bar shi. Mai shi ma ta haƙura da gani.