Ledar da Aka Goge

An yi wani mutum, ya 'yan uwa, magini ɗan magini. Ba zan faɗi sunansa ba, kada wani ya tare ni a bakin ƙofa yana tambaya. Ku dai gyara zama, ku ba na baya wuri.

Garinsu ƙasarsa gishiri ce. Ka yi gini bana, baɗi ka ga wani farin gari ya fito a gindin bango, yaɓe yana kumbura, fenti yana ɓarewa. Ruwan ƙasa ne ke hawowa da gishirin ta cikin bulo. Shi kuwa gishiri in ya iske rodi a cikin kankare, ba ya barinsa sai ya mai da shi tsatsa.

Uban wannan mutum shi ne gwanin maganin abin. Akwai wani ruwan magani da ake shafa wa siminti da bulo da dutse, ya toshe 'yan ƙofofin da ruwa ke bi. Amma tsohon yana da ƙa'ida. Sai an kankare gishirin da buroshin ƙarfe, an wanke bangon, an bar shi ya sha iska. In ya yi kamar ya bushe, sai ya yanko leda mai faɗin tafin hannu biyu, ya manna ta a bango da salatif, ya tafi gida. Da safe a ɓare ta a gaban mai gida. In cikinta ya yi gumi, to bango bai bushe ba, komai farin da ya yi wa ido, kuma ba za a shafa ba. Don in ka shafa a kan danshi, ka kulle ruwa da gishiri a ciki ke nan, ka hana su hanyar fita.

Tsoho ya rasu, ya bar 'ya'ya biyu maza a kan sana'ar. Ƙaramin mutane suka sa masa Sai Gobe, don in ya ɓare leda ya ga gumi, abin da zai ce ke nan, ya ɗauki bokitinsa ya yi gaba. Babban kuwa, wanda labarinmu ke kansa, Mai Sheƙi ake ce masa. Hannunsa yana da kyau, wannan ba a ƙwace masa ba. In ya gama bango sai ka so ka tsaya ka gyara hularka a jikinsa.

Suna da uwa tsohuwa. Gidan da ta yi zaman aurenta a cikin kwari yake, ba maganin da ke kama shi. Shekara da shekaru tana shanya katifa, tana fama da tari da ciwon gwiwa. Mai Sheƙi yana son uwarsa, ku riƙe wannan. Ya durƙusa gabanta ya ce, "Inna, in Allah ya ba ni rai, sai na gina muku ɗakin da ba za ku ƙara shanya katifa ba."

To, ta ina ɓarna ta shigo? Ta wajen wani mai shago da ke gaggawar buɗe shagonsa. Kwana uku ana ɓare leda ana ganin gumi, mai shago yana tsaki yana cewa zai kira wani. Rana ta huɗu Mai Sheƙi ya riga shi zuwa. Ya ɗaga ledar, ya ga gumi, ya duba hagu ya duba dama, ya sa hannun rigarsa ya goge, ya mayar ya manne. Da mai shago ya iso aka ɓare a gabansa, ga leda a bushe ƙayau.

Mutum ɗaya ne ya gani, babban ma'aikacinsa, wani magidanci da ake kira Dogo. Suka haɗa ido. Mai Sheƙi ya yi dariya ya ce, "Rana za ta ƙarasa mana."

Ya 'yan uwa, goge leda daƙiƙa nawa ne? Wa aka zaga? Wa aka doka? Haka shaiɗan ke kawo abin, ɗan ƙarami, har ka ji kunyar kiransa zunubi.

Aiki na gaba ya sake. Na gaban wannan ma bai wahala ba, don kafin ya iso Dogo ya riga ya goge. Ba su taɓa zama sun yi maganar ba, abin ya shiga cikin aiki kamar wanke buroshi. Suna ya tashi a gari: in kana son a gama maka da wuri, nemi Mai Sheƙi, in kana da haƙurin tsufa, nemi ƙanensa. Shi kuwa gishiri ba ya gaggawa. In bayan shekara biyu wani bango ya fara kumbura, sai Mai Sheƙi ya zo ya karkace kai ya ce simintin bana ne ba shi da kyau, ko mai gyaran famfo ne ya bar bututu yana yoyo.

Allah ya buɗa masa, ya tashi cika alkawari. Ya sa harsashin gida mai hawa ɗaya, iyalinsa a sama, ɗakin Inna a ƙasa da 'yar baranda mai kallon gabas. A nan kam bai yi wasa ba. Siminti mai kyau, rodi mai kauri, komai a kan ƙa'idar ubansa. Da hannunsa ya manna leda a ginshiƙai huɗu da bangon ɗakin Inna. Da safe ya zo ya ɓare da hannunsa, duka biyar a bushe. Ya ji daɗi har cikin ransa. Bai tsaya ya tambayi kansa ba, yaɓen kwana tara a tsakiyar damina ina ya sami bushewa?

Sai Gobe ya zo taya murna. Ya ɗora tafin hannunsa a bango ya ɗan jima, ya ce, "Yaya, bangon nan da sanyi. A bari sai gobe mana." Ma'aikata suka kwashe da dariya. Mai Sheƙi ya ce, "Kai dai ko abinci aka ajiye maka, sai gobe za ka ce." Gidan kowa sau biyu yake shafa masa magani, amma wannan ya yi masa sau uku, saboda na uwarsa ne.

Inna ta tare. Shekara uku ta yi cikin jin daɗi, kuma ba zan rage mata ko kwana ɗaya ba. Tari ya lafa. Da hantsi ta fito baranda ta zauna a kujerarta, ta miƙe ƙafa rana ta gasa mata gwiwa, jikoki suna hawa suna sauka a jikinta. Duk baƙuwar da ta zo sai ta kama hannunta ta kai ta ɗaki ta ce, "Taɓa katifar nan ki ji." Ba ta san abin da ke aiki a bayan sheƙin ba, ɗanta ma bai sani ba.

A shekara ta huɗu wani jan zane ya ɓullo a jikin ginshiƙi. Ya rufe da fenti. Sai tsaga ta biyo. Ya ƙwanƙwasa da yatsa, ya ji wurin yana amsawa kamar fanko. Shi ya fi kowa sanin wannan sauti, amma ya ce wa zuciyarsa ba zai yiwu ba, ai leda ta bushe.

Wata safiya Inna ta tashi daga kujerarta ta shiga ɗauko tabarau. Ba ta kai bakin gado ba rufin barandar ya zubo, ya niƙe kujerar. Allah ya tsare, ko ƙwarzane ba wanda ya yi. Unguwa ta taru. Aka kira injiniya, ya buga ginshiƙi da guduma, kankare ya zube, rodin da ke ciki yana marmashewa a hannu. Ya ce kowa ya fita, gidan nan ba ya gyaruwa, an shafe shi da ruwa a ciki.

Mai Sheƙi ya ce, "Wallahi da hannuna na manna leda, da hannuna na ɓare." Ya juya wajen Dogo don ya ba da shaida.

Dogo ba da mugunta ya yi magana ba. Ya ce, "Maigida, ai na riga ka zuwa, kamar kullum."

"A gidana?"

"Ba ka taɓa ce mini akwai gidan da ba a gogewa ba."

A cikin taron akwai mai shago, akwai wasu da bangonsu ya daɗe yana kumbura. Duk sun ji. Daga ranar ba wanda ya ƙara ba shi ko katangar bayan gida.

Inna ta koma wajen Sai Gobe, ɗaki biyu ne kacal, ba sheƙi, amma a bushe. Mai Sheƙi ya je ya durƙusa, ya kasa ɗaga kai. Ba ta zage shi ba. Ta ce, "Ɗan nan, shekara uku na ji daɗin ɗakina, Allah ya yi maka albarka a kansu. Ni na fita lafiya. Sauran gidajen da ka shafa, uwar wa ke kwana a ciki?"

Yau yana ɗaukar bokiti a wajen ƙanensa. Shi ke manna leda, amma ba shi ke ɓarewa ba.

Ya 'yan uwa, kun ga abin da ha'inci ke yi? Mutumin nan bai cuci uwarsa ba ko da rana ɗaya, uwayen mutane ya cuta. Ya ɗauka ha'inci ya san ƙofar gidansa, zai tsaya a waje. Ina! Abin da ka koya wa na ƙasa da kai, shi zai yi maka, kuma yana ganin biyayya yake yi. Kai mai awo, kai tela, kai mai gyaran mota, wa ke tsaye yana kallon hannunka? Dubi kuma ƙanen, da aka mai da abin dariya. Yana cin abincinsa hankali kwance, in hadari ya haɗo ba ya tunanin bangon kowa, ga uwarsa a ɗaki tana sa masa albarka. Wane arziki ya fi wannan?

Ledar can da ke manne a bangon gabas na masallacin nan, na ji wasunku suna gunaguni wai mai aikin ya cika nawa. Na leƙa ta ɗazu, da sauran gumi. Ku bar bawan Allah ya jira.

Allah ya ba mu haƙurin gaskiya, ya sa mana albarka a ɗan abin da muka samu ta halal. Allah ya kiyaye mu da ha'inci, ya kiyaye iyayenmu da abin da hannunmu ya aikata. Amin.