Yadda Ruwa Ya Zama Ɗan Gida a Birni

Dalilin da ya sa ruwan sama yake shigo mana har uwar ɗaka ba ko sallama, yau za ku ji shi, tunda ya tsare mu a kan gado ba mai zuwa ko'ina. Ke Ladingo, janye ƙafarki, wannan ba ruwan wasa ba ne. Takalmin da ke yawo can na kakanku ne, ku ƙyale shi, dama ya fi mai shi son fita.

A da can, Ruwa baƙo ne mai kunya. Yana da hanyarsa a tsakiyar birni, wani kwari mai faɗi da ya taso daga gabas ya faɗa rafi a yamma. Yana da lokacinsa kuma. Sai bayan la'asar, mata sun kwashe shanya, 'yan kasuwa sun rufe kaya, sannan ya aiko Hadari ya yi masa sallama. In ya sauko, hanyarsa yake bi kai a sunkuye, ko zauren mutum ba ya leƙawa.

Ana nan sai aka yi wani mai unguwa, Tunau sunansa, mai zaƙin baki, irin wanda zai taka maka ƙafa kai ka ba shi haƙuri. Da rani ya dubi kwarin nan a bushe, ya ce wannan ai asarar fili ce. Ya yayyanka ya raba wa masu hannu da shuni, shi ma ya kafa shaguna shida a daidai maƙogwaron hanyar. Ɗan lungun da ya rage, mutanen gari suka mai da shi juji: leda, ɓawon rake, tsohuwar katifa, har mushen akuya. Kada ku dube ni haka, kowa ya zuba.

A gangaren unguwar akwai wata tsohuwa mai sayar da daddawa, Gwaggo Tabawa. Ɗakinta ɗaya tak, na ƙasa, shi ne duk abin da mijinta ya bar mata a duniya. Ta tako da sandarta har ƙofar Tunau, ta ce in an toshe wa Ruwa hanya, a ɗakinta zai sauka. Tunau ya tambaye ta gajiya, ya tambaye ta kasuwa, ya raka ta har bakin titi, bai ko taɓa zancen hanyar Ruwa ba.

Damina ta faɗi, Ruwa ya zo ya tarar da bulo a gabansa. Ya duba dama gini, hagu shara. Sai ya tsaya a ƙofar mai unguwa da ladabi, ya tambaya ta ina zai wuce. Tunau ya hango shagunansa, sai ya washe baki.

"Haba Malam Ruwa, wace hanya kuma? Ai kai ɗan gida ne. Gida naka ne, shiga duk inda ka ga dama."

To ku kun san wannan magana. Ita muke gaya wa baƙo alhali muna fatan ya tashi kafin a kwashe tuwo. Amma a inda Ruwa ya fito magana ɗaya ake yi. Ya yi godiya, ya kutsa. Ya shiga zaure, ya shiga madafi, ya hau tabarma, ya buɗe adaka ya duba zannuwan mata. Da ya isa gangare, ya kwantar wa Gwaggo Tabawa bango guda, daddawarta ta bi gari.

Washegari Ruwa ya ga katifu a kan katanga, kaji a kan rufi, sai kunya ta kama shi. Ya komo ƙofar mai unguwa, jama'a sun taru. Ya ce in ɓarna ya yi a faɗa masa, a buɗe masa hanyarsa ya koma baƙonsa kamar da. Wallahi yara, kalma ɗaya ta rage ɗakin tsohuwar nan ya tsira. Amma masu gini suka dubi gininsu, masu shara suka tuna wa zai kwashe. Tunau kuwa, ruwa har gwiwa, babbar riga ta manne masa a jiki, ya gyara murya.

"Ɓarna? Wa ya ce? Ai ruwa ya yi gyara."

Duk taron suka amsa, ya yi gyara. Gwaggo Tabawa ta buga sanda ta ce, "Gyaran ne ya kwantar mini da bango?" Aka ce a rabu da ita, tsufa ne. Ruwa ya ji daɗi ƙwarai, ya ce tunda ana murna da shi, in zai dawo zai taho da ƙannensa. Ya kuwa cika alkawari. A zuwa na gaba ɗakin ya zube gaba ɗaya, Gwaggo Tabawa ta ƙare kwanakinta a raɓe a zauren wasu. Abin nan har yau yana ƙona mini rai. Tunau kuwa dakalin shagunansa ya ƙara wa tsawo, ruwan ya koma gidan maƙwabta.

An ce baƙo raɓa ne, amma namu ya tashi daga baƙo. Shi ya sa har yau Ruwa ba shi da lokaci a birnin nan, don ɗan gida ba ya neman izini. Ki yi shanya rana tsaka ya iso, ki ɗauko lema ya janye, ki ajiye ya komo da ƙannensa. Kuma shi ya sa har yau in ka tarar da mutum yana kwalfe ɗakinsa da kwano ka ce masa ya ruwa, amsar Tunau zai ba ka, Ruwa kuwa yana bakin ƙofa yana ji.

Ku yi shiru, wa ke magana ta katanga? Na'am, Maman Sagir! Lafiya lau. Ruwa? Ai ruwa ya yi gyara.

To, me kuke wa dariya? Miƙo mini kwanon can.