Furen da Marilla Ta Nema

Akwai wani masunci a ƙauyenmu na bakin teku, a arewacin tsibirin Newfoundland, sunansa Eldred. Matarsa Marilla ta daɗe a kwance, har likita ya sallamo ta gida, ya ce sai addu'a.

Wata safiya ta ce, "Eldred, furen kan tudu ya fito kuwa? Ina so in ƙara ganinsa."

Ɗan farin fure ne, bai kai tsawon yatsa ba. Ba ya tsirowa sai cikin tsakuwar tudun da iskar teku ke duka, kuma ba ya daɗewa.

Eldred ya ɗauki wuƙar gyaran kifi ya haura. Ya tono ɗaya, saiwar ta tsinke, don can cikin tsagar dutse take nutsewa. Kafin ya iso gida furen ya yanƙwane. Washegari ya tono wani, shi ma haka. Marilla kuwa ko ruwa da ƙyar take haɗiya.

Gwaggo Vina, tsohuwar maƙwabciyarsu, ta same shi durƙushe yana tono, yatsunsa na jini.

"Kai ɗan nan, ƙarar da su za ka yi?"

"Gwaggo, ƙyale ni! Matata na mutuwa, kina min zancen ciyawa?"

"Gawar fure ta aike ka ka kawo mata? Shi ba ya tashi daga nan, ita kuwa ana iya ɗauko ta."

"Ni kaɗai, a wannan hawan?"

"Kai kaɗai ne a garin? Ko bakinka ke ciwo?"

Tunda ciwon ya fara, Eldred bai roƙi kowa komai ba. Ranar ya bi gida-gida yana roƙon taimako. Maza suka ajiye taru, suka cire ƙyauren ɗaki, suka ɗora Marilla a kai lulluɓe da barguna, suka hau da ita.

Suka sauke ta dab da furen. Ta daɗe tana kallonsa, tana murmushi. Sai ta hango ramukan.

"Wane mugun ne ya yi wannan?"

Eldred ya sunkuyar da kai. Gwaggo Vina ta ce, "Wani mai sonki ne, 'yar nan."

Marilla ta kamo hannunsa mai jini ta riƙe. Ba ta ga ƙarshen makon ba.

Darasi: Idan hankali ya tashi, mutum kan ɓata abin da yake nema da hannunsa. Kada girman kai ya hana ka cewa "ku taimake ni". Ku tura wa wanda kuka san yana ɗauke da kaya shi kaɗai.