Yatsan Mai Gyaran Jirgi

An yi wani mutum a Yelwan Yauri, tun muna ƙarƙashin Jihar Sakkwato, sana'arsa gyaran jiragen ruwa. Ba zan faɗi sunansa ba. Ba don ya cancanci a rufa masa asiri ba, sai don ya bar dangi masu mutunci waɗanda ba su ci ba, ba su sha ba.

Ya 'yan uwa, manyanku sun san yadda ake toshe jirgi a da. A cusa tsumma a tsaga, a narka kwalta a shafe, a buga ƙusa. Mai sayen jirgi kuma yana da tasa al'adar. Sai ya zaro wuƙa ya bi katako ɗaya bayan ɗaya yana soka tsininta. Inda ta tsaya, itacen na da rai. Inda ta shige, ruɓa ce, ciniki ya mutu. Haka masunta suka gada, kuma wuƙar nan ta tsare rayuka masu yawa a ruwan Kainji.

Sai mutumin nan ya samo wani irin gam daga wajen masu aikin jiragen inji, wanda Turawa ke ce wa ifoksi. Gwangwani biyu ne. Ɗaya mai kauri kamar zuma, ɗaya ya fi shi ruwa. Kowanne in yana zaune shi kaɗai ba ya daskarewa. Amma da an haɗa su an juya, sai haɗin ya ɗauki ɗumi, kafin gobe ya zama dutse. Daga nan ruwa ba ya shigarsa, rana ba ta narka shi, gara ba ta cinsa. Itacen da aka shafa wa ma sai ya riga shi mutuwa.

Da farko ya yi aikin gaskiya, wannan ba zan hana shi ba. Yakan sare ruɓaɓɓen wuri ya fitar, ya shanya jirgi ya bushe, ya sa sabon katako, sannan ya bi da gam. Babban yatsansa na dama gizago ya taɓa tsaga shi, ya warke da rami a tsakiya. In ya gama aiki, kafin gam ya kama, sai ya danna yatsan nan a kai. Daga Shanga har Ngaski aka san shaidar. Sannu a hankali mutane suka daina zaro wuƙa. Su duba cikin jirgi, su ga yatsa, su ce shi ke nan.

To, nan Shaiɗan ya sami ƙofa, shi kuma ya buɗe masa ita wangwame.

Ya lura wuƙa ba ta shiga gam ko da abin da ke ƙarƙashi dusa ne. Ya lura in ya kwaɓa shi da garin katako, kalarsa da ta itace ba su da bambanci. Me zai sa ya sayi sabon katako? Me zai sa ya jira jirgi ya bushe? Sai ya fara shafe ruɓa da danshinta a ciki. Kuma ya san abin da yake yi sarai. Ya fi kowa sanin cewa gam ɗin da ke hana ruwa shiga, shi ne ke hana danshin da aka rufe fita, itace ya yi ta cin kansa a ɓoye. Ba jahilci ba ne. Mugunta ce da zari.

Mahaifiyarsa, wadda kowa ke kira Inna, ta taɓa kawo masa fura bakin ruwa ta tarar yana wannan aiki. Ta sa farce a katakon, ya marmashe. Ta ce, “Kai, mi kake rufewa nan? Mutum kake iya ruɗi, ba ruwa ba.”

Ya yi dariya ya ce, “Inna, abin da na liƙe ko ranar tashin ƙiyama ba ya ɓallewa.”

Kun ji bakin ɗan Adam? Kun ji abin da ƙoshi ke sa mutum ya furta?

Ana nan wani manomi mai suna Bitrus ya kawo masa tsohon jirgi, ya ce ya gama yayi, a faskara a yi itacen girki. Katakon gindinsa duk ya ruɓe. Mutumin nan ya karɓa a matsayin itacen girki, ya cusa tsummoki, ya zuba gam faffaɗa kamar faifai, ya danna yatsa. Da yake mugu ba ya rasa wayo, bai sayar da shi a Yelwa ba. Ya ba dillali ya kai shi can Warra, don in zai nutse ya nutse nesa da idonsa. Ya manta da shi, ya ci gaba da tsayuwa a sahun gaba a masallaci.

Bayan damina ta zagayo, ƙanwarsa Asabe, da ke aure a wani ƙauye a tsallaken tafki, ta haihu. Ya ɗauki Inna a mota suka sauka Warra don su ƙetare zuwa suna. Ranar kasuwa ce. Suka shiga wani jirgi mai sabon shuɗin fenti, na wani direba Cindo. Ya zaunar da Inna a tsakiya, inda ba a jin girgiza, shi ya zauna kusa da ita.

Ya cire takalmi don ya miƙe ƙafa, sai ya ji tafin ƙafarsa ya taɓa wani wuri mai santsi. Ya janye tabarmar da aka shimfiɗa. Ga yatsa, ga ramin gizago a tsakiya. Ya dubi faɗin liƙin, ya gane jirgin Bitrus.

Ya 'yan uwa, ku saurara da kyau, don nan ne halakarsa take. Jirgi yana ɗaure a gaɓa. Ba a ko tayar da inji ba. Kalma ɗaya ta isa. Da ya ce, “Ku sauka,” da shi ke nan. Allah Ya ba shi wannan dama a hannu.

Sai Cindo ya hango shi yana kallon shaidar, ya dubi hannunsa, ya yi ihu. “Jama'a, ga mai yatsa da kanshi! Wanga jirgi aikinshi na! Ku ƙaro buhunnan can, jirgin da mai yatsa ya taɓa ba shi jin nauyi.”

Fasinjoji suka yi ta miƙo hannu ana gaisawa. Wata tsohuwa ta ce wa Inna, “Kin haihu, baiwar Allah.” Inna ta yi murmushi, sannan ta dubi fuskar ɗanta ta ga gumi. Ta ce, “Mi ya same ka?”

Ya ce, “Ba komi, Inna. Zafi ne.”

Ya mayar da tabarma ya rufe. Ya ce a ransa, ai ya yi damina guda bai nutse ba, yau ma zai kai. Ya ɗora sunansa a sikeli guda, ran uwarsa da na mutane cike da jirgi a ɗaya, ya zaɓi suna. Wane irin ɗa ne wannan? Wace irin zuciya ce wannan?

Suka kai tsakiyar ruwa, iska ta ɗan taso. Kun san tafkin nan cike yake da kututturan itatuwan da ruwan dam ya shanye. Gindin jirgi ya gogi ɗaya daga ciki, irin gugar da jirgin kirki ke yi ya wuce. Liƙin bai tsage ba, bai fashe ba. Ɗungurungum ya ɗago kamar murfin tukunya, don babu sauran itacen da zai riƙe. Ruwa ya yi tsiri ta ƙarƙashin Inna.

Shi ɗan bakin ruwa ne, ya iya iyo. Ya cafko zanenta ya ja. Da ya ɗago, zane ne kawai a hannunsa. Masunta suka ceci waɗanda suka ceta, har da shi da Cindo. Inna da wasu bayin Allah, ciki har da mai goyo, sai gawa.

Ko a nan bai faɗi gaskiya ba. Ya zauna zaman makoki yana karɓar gaisuwa, ana cewa kututture ne, ƙaddara ce. Yana amsawa da “Haka Allah Ya so.” Ya jingina wa Ubangiji abin da hannunsa ya kwaɓa.

Amma rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. Da ruwa ya ja baya, wani masunci, Dudu, ya jawo taru ya ji nauyi. Liƙin ne. Ya wanke laka, ga shi sumul kamar jiya aka zuba. Ya juya bayansa, ga tsummoki manne, ga ruɓaɓɓen itace yana marmashewa a hannu. A gaba kuwa ga yatsa, ko layin fata ɗaya bai goge ba.

Dudu ya kai shi bakin ruwan Yelwa ana tsaka da hada-hada. Cindo, da ya biyo shi, ya damƙo hannun mutumin nan da ƙarfi, ya ɗora yatsansa a ramin, ya zauna daram. Cindo ya ce, “Ka gani tun muna gaɓa. Na ga ka gani.” Asabe ta zo daga tsallake, ta tsaya a gabansa ta ce, “Yaya, kai ka zaunar da ita a kai?” Daga ranar ba ta ƙara kiransa yaya ba.

Ya yi gidan yari ya fito. Ba mai ba shi ko turmi ya liƙe. In ya miƙa hannu a masallaci, mutane su dubi yatsan su kau da kai. Liƙin kuwa masunta suka huda shi suka rataye a bishiyar da ke mashigar jirage. Ya taɓa sace shi ya jefa a wuta. Liƙin ya yi baƙi, ya yi wari, amma bai narke kamar kwalta ba, aka zaro shi aka mayar. A ƙarshe hankalinsa ya gushe. Sai a gan shi zaune a gaɓa yana goga yatsansa a dutse har jini. A haka ya mutu.

Ya 'yan uwa, gam ba shi da laifi. Ni'ima ce, mai gaskiya ya yi aiki da shi jirgi ya daɗe. Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya sa hannu cikin tarin abincin wani ɗan kasuwa ya ji danshi a ƙasa, ya gaya masa mai ha'inci ba ya cikinmu. To kai mai zuba ruɓaɓɓiyar albasa a gindin buhu, da kai mai shafa wa kifin da ya lalace mai don ya yi ƙyalli, kada ku sunkuyar da kai kamar ba da ku nake ba. Da ku nake. Kuna tsammani abin da kuka rufe zai tafi can Warra ya kashe uwar wani?

Yatsan mutumin nan ƙasa ta cinye shi tuni. Shaidar da ya danna ba ta ruɓe ba. In abin da ɗan Adam ya haɗa a gwangwani ya riƙe shaida haka, ina ga ranar da za a rufe bakuna, hannuwa su yi magana?

Allah Ya jiƙan Inna da waɗanda suka nutse tare da ita. Allah Ya ba mu ikon cewa “ku sauka” tun jirgi yana gaɓa. Allah Ya kiyaye mu da aikin hannuwanmu. Amin.