Geron da Gafiya ta Watsar

An yi wata Kurciya mai sakin hannu, tana zaune a kan wata tsohuwar kuka tare da mijinta. Tun ranar da harbin danƙo ya karya masa fiffike bai sake tashi ba. Ita ke fita kiwo ta dawo ta sa masa a baki, shi kuma ya gyara mata gashin wuya.

A gindin kukar dabbobi ke taruwa sujada ran Lahadi. In kaka ta yi, kowa kan kawo baikon godiya a zuba a kogon kukar, sai Baba Kunkuru, dattijon ikilisiya, ya liƙe bakin da laka. Ba a buɗewa sai tsakiyar damina, lokacin da tsohon hatsi ya ƙare sabo bai nuna ba, a raba wa marasa ƙarfi.

Ranar godiya Kurciya ta raba ɗan geronta biyu, ta zuba rabi a ƙoƙo. Mijin ya dube ta, ya ce, "Kai musu. Ubangijin da ya ba ni ke ba zai manta da mu ba."

Ta tarar Gafiya, mai rumbu uku a rami, ta jawo kwando cike da dawa ana ta yi mata tafi. Kurciya ta matsa kusa, sai ta ga abu yana motsi a ƙasan kwandon.

Ta ce a hankali, "Yaya Gafiya, kamar ƙwari nake gani a dawar nan."

"Ƙwari a idonki dai," in ji Gafiya. "Ke me kika kawo? Wannan ɗan tsince-tsincen? Ko na miskinin mijinki ne ya rage?"

"Abin da muke da shi ke nan."

"To ba za a haɗa shi da nawa ba." Ta kai wa ƙoƙon duka da wutsiya, geron ya watse cikin turɓaya.

Kurciya ta dubi Baba Kunkuru. Shi kuwa ba ya son ɓata wa mai hali rai. Ya ce, "'Yata, yi haƙuri, ranar murna ce." Ya juye dawar a kan baikon kowa, ya liƙe kogon.

Gaskiyar ita ce, Gafiya ta ajiye sabuwar dawarta a gida, ta kwaso ta bara wadda ƙwari suka kama, ta rufe samanta da mai kyau.

Damina ta yi tsakiya, yunwa ta shigo. Kurciya takan wuni tana yawo ta dawo da ƙwaya biyu, ta ce wa mijin ta riga ta ci nata. Ya san ba ta ci ba. Kullum suna addu'a, suna jiran ranar buɗe kogo.

Da aka fasa lakar, ba a sami komai ba sai gari mai wari da ƙwari suna ta yawo. Ƙwarin Gafiya sun cinye baikon kowa.

Bayan kwana huɗu mijin Kurciya ya rasu, kansa a ƙarƙashin fiffikenta.

Ta sauka gindin kukar don ta yi kuka inda ba kowa. A nan ta ga geron da aka watsar ya tsiro cikin ciyawa tun ruwan farko ba wanda ya lura, zangarniyarsa ta fara nuna. Ta daɗe tana kallo. Ta ce, "Ya Ubangiji, da ma ya ƙara 'yan kwanaki kacal."

A makon nan aka tafka ruwa, ambaliya ta cika ramin Gafiya, rumbunanta uku suka ruɓe. Ta zo a jiƙe sharkaf, ta tsaya nesa da geron, ta kasa ɗaga kai.

"Ƙanwata..."

"Matso ki ci," in ji Kurciya. "Tun ranar da na kawo shi ya daina zama nawa. Ke ma kin san shi, ai ke kika shuka."

Gafiya ta ci a gaban kowa. Kurciya ta koma sheƙarta ita kaɗai.

Darasin wannan labari shi ne, wanda ya ba Allah ruɓaɓɓe ya riƙe mai kyau, ba kansa kaɗai yake cuta ba, har da wanda bai ji ba bai gani ba. Abin da aka bayar da zuciya ɗaya kuwa ba ya ɓata a wurin Ubangiji, ko da mai bayarwar ta girbe shi da hawaye.