Filibus da Yanken da Waya Ta Nuna Masa

Akwai wani mutum, direban tirela ne, sunansa Filibus. Wata rana manoman rani na wani ƙauye suka haɗa tumatirinsu, kwando ɗari uku, suka yi masa lodi zuwa kasuwar kudu. A cikinsu akwai wata gwauruwa, Hannatu, mai kwando goma sha biyu. Wata uku tana ban-ruwa da hannunta, tumatirin ne kuma abincinta da na marayunta har damina. Ta roƙe shi ya kula, gama tumatir ba ya jira.

Mai motar kuwa ya riga ya saya masa na'urar nuna hanya irin ta manyan motoci. Ita wannan na'ura ba ta nuna maka ko'ina sai ta tambaye ka tsayin motarka daga ƙasa zuwa sama, da tsawonta, da nauyin kayan da ka ɗauka. Filibus ya faɗa mata, sai ta ce ya zagaya ta babban titi. Ya ja tsaki. Ya zaro wayarsa, ya buɗe taswirar da masu ƙananan motoci da 'yan acaɓa suke bi. Ita ba ta tambaye shi komai ba, nan take ta nuna masa yanke, ta rage masa awa biyar.

Ku ji fa! Mutum da shekara ashirin a kan sitiyari, ya san sarai abin da yake ja, amma ya kashe na'urar nan mai tambaya ya cusa ta ƙarƙashin kujera, don kawai ta faɗi abin da ba ya so. Wannan ba rashin sani ba ne, taurin kai ne tsagwaronsa.

A mararraba wani tsoho ya ɗaga masa hannu, yana ce masa manyan motoci ba sa bin nan. Filibus ya danna masa hon ya wuce.

Hanya ta yi ta ƙuntata, rami a dama, rami a hagu. Can da azahar sai ga gadar jirgin ƙasa ta gitta ta saman hanyar, gajeriya. Babura suna wucewa ta ƙarƙashinta, tasi ma ta wuce salin-alin. Tirela kuwa ko kanta ba zai shiga ba, ga shi babu wurin juyawa. Ya sa ribas, tayoyin baya suka zame cikin rami. Wayar kuma tana ta ce masa ya miƙe gaba.

Kwana biyu motar tana cikin rana kafin janwe ya zo. Tumatir ya narke, ruwansa yana ɗiga a ƙasa, ƙudaje sun rufe kwandunan.

Da ya koma ƙauyen, ko kunya babu, ya ce wa manoman waya ce ta ɓatar da shi. Hannatu ta dube shi ta ce, "Ɗana, waya na ba amanar kayana, ko kai?"



To, 'yan'uwa, ma'anar wannan misali ita ce: na'urar da take tambaya, Maganar Allah ce. Takan fara bincika ka, ta ga nauyin da kake ɗauke da shi, sa'an nan ta nuna maka hanya, sau da yawa kuma mai nisa ce. Taswirar wayar kuwa ita ce shawarar da ba ta tambayarka komai, sai dai ta ce kowa ma nan yake bi. Ƙarya ce, kai ba kowa ba ne. Kai uba, ke uwa, kai malamin aji, kai dattijon ikilisiya, lodi ne a bayanku. Abin da yake ƙona mini rai shi ne, Filibus ya sauko daga motar nan ko ƙwarzane babu. 'Ya'yan Hannatu ne suka yi yunwar bana. Kafin ka bi yanke, waiwaya ka dubi waɗanda ka ɗauko.